Akwatin wifi da VPN: abin da ya kamata ku sani kafin ku saya

A ƴan shekarun nan akwatin wifi, wanda masu gyara ke kira ruta, ya shiga gidaje da ƙananan ofisoshi da yawa a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Ƙungiyoyin mata, na manoma, gidajen rediyon karkara da ɗakunan shan magani suna aiki da akwatin da kamfanonin tarho ke sayarwa, wanda ake sanya ma katin sim. Tun shekarar 2025 kuma, lokacin da Starlink ya fara aiki a Nijar da izinin gwamnati, an ƙara samun masu jawo intanet daga tauraron ɗan adam. Sai dai yawancin waɗannan akwatuna ba su iya haɗuwa da VPN da kansu. Idan aikinku ya shafi sunayen marasa lafiya, jerin masu karɓar tallafi ko lissafin asusun ƙungiya, to maganar ta shafe ku.

Mi ne ne VPN?

Ku ɗauka kun kai saƙo tasha kun ba direba. Ko da wasiƙar tana rufe, direba ya san wanda za a kai ma ita. Haka intanet take: yawancin shafuka a yau suna rufe abin da kuke rubutawa, amma mai wifi da kamfanin rezo suna iya ganin sunan wurin da kuka shiga da lokacin da kuka shiga. VPN yana zuba dukkan saƙonninku cikin sunduƙi mai kwaɗo, ya kai shi wurin wata kwamfuta da ke nesa, ita ce za ta buɗe ta rarraba. Direba ba ya ganin komai sai sunduƙi. Amma ku lura: mai waccan kwamfuta yana ganin abin da direba ya daina gani. Ke nan kun ɗauke amana daga hannun wani ne kun ba wani.

Kalma ɗaya, ma'ana uku

Ganin haruffan VPN a jikin kwali bai isa ba, domin abu uku ake nufi da su.

Na farko shi ne “VPN passthrough”. Akwatin yana barin VPN da ke cikin salularku ko kwamfutarku ya wuce ne kawai, shi kansa ba ya kulle komai. Wannan ne ya fi yawa a kasuwa.

Na biyu shi ne “VPN server”. Akwatin yana jiran a kira shi daga waje, domin ku shiga kwamfutar ofis kuna kan tafiya. Sau da yawa wannan ba ya aiki a kan katin sim ko Starlink na gida, saboda kamfanin yana haɗa masu hulɗa da yawa a kan adireshi guda.

Na uku shi ne “VPN client”. Akwatin da kansa ke kiran VPN, duk na'urar da ta hau wifi ɗinsa kuma ta shiga sunduƙi. Wannan shi ne abin da ofis ke buƙata, shi ne kuma ya yi ƙaranci.

Mi ya sa ba a sanya shi?

Dalili na farko kuɗi ne. Kulle saƙo da buɗe shi aiki ne mai cin ƙarfin inji, akwati mai araha kuwa ƙaramin inji gare shi. Tsarin OpenVPN, wanda ya fito a 2001, yana da nauyi ga irin wannan inji har intanet ta riƙa jan ƙafa. Tsarin WireGuard, wanda aka shigar cikin Linux a 2020, ya fi shi sauƙi, amma akwatin da aka daina sabunta ma manhaja ba zai same shi ba. Dalili na biyu, kamfanin tarho ya fi son akwati mai ƴan maɓallai kaɗan, domin kada mai saye ya rikita shi ya dawo da ƙorafi. Akwatin Starlink ma haka yake, babu wurin sanya VPN a cikinsa. Wasu akwatunan kuma suna da tsohon tsari mai suna PPTP, wanda masana suka nuna yadda ake fasa kwaɗonsa tun 2012. Kada ku dogara da shi.

Ina haɗarin yake?

Idan akwati bai da VPN, kowane ma'aikaci sai ya nemi nasa, abin da ya fi kusa da hannu kuwa shi ne na kyauta. A 2016 masu bincike na hukumar kimiyya ta Ostareliya, CSIRO, tare da wasu jami'o'i, sun gwada manhajojin VPN 283 na Android. Sun tarar kashi 18 cikin 100 ba su kulle saƙo ko kaɗan, kashi 38 kuma suna ɗauke da alamun muguwar manhaja. A watan Mayu na 2024 hukumomin shari'a na Amurka suka tarwatsa wani gungu mai suna 911 S5, wanda ya bi ta VPN na kyauta ya kama adireshi sama da miliyan 19 a ƙasashe kusan 200, yana ba ƴan damfara hayarsu. Araha ba ta ado.

Ban da haka, injin buga takardu da kyamarar tsaro ba su karɓar manhajar VPN, ma'aikaci kuma yana iya manta kunna tasa. Ku tuna cewa Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka kuma kafa hukumar HAPDP domin kula da ita. Wanda ya tattara sunayen jama'a, tsaronsu yana wuyansa.

Abin da VPN ba ya yi

Lokacin da Najeriya ta toshe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, mutane sun riƙa shiga ta VPN, domin ƙofa ɗaya ce aka rufe. Amma da aka yanke intanet ta salula a Nijar na kwanaki kusan 10 bayan zaɓen Fabrairu 2021, VPN bai amfani masu salula ba, domin hanyar ce gaba ɗaya babu. VPN ba ya ƙara sauri, yana ma ƙara cin forfe kaɗan. Ba ya hana a yaudare ku ku ba da lambar sirri. Ba ya kuma fitar da kowa daga ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2019.

Shawarwari

1. Ku fara da tambaya: wa muke ɓoye ma, kuma mi? Gidan da ake kallon bidiyo da gaisawa da dangi bai cika buƙatar VPN a akwati ba.

2. Idan mutum ɗaya ko biyu ne ke taɓa bayanan sirri, manhaja a na'urarsu ta isa. Ku karɓe ta daga hedikwatar ƙungiyarku ko daga kamfanin da aka sani.

3. Idan ofis ne gaba ɗaya, kada ku jefar da akwatin kamfani. Ku sayi ƙaramin akwati na biyu mai “VPN client”, ku haɗa shi da na farko da waya, ma'aikata su hau wifi na biyun. GL.iNet, MikroTik da Asus suna da irinsa. Starlink yana da tsarin da ke barin wani akwati ya karɓi aikin nasa.

4. Kafin ku biya, ku sa mai kanti ya buɗe shafin saitin akwatin ku ga WireGuard ko OpenVPN da idonku a ƙarƙashin “client”.

5. Ana iya sanya ma wasu akwatuna manhajar kyauta ta OpenWrt, wadda ake aiki da ita tun 2004. Aikin gwani ne, kuskure ɗaya yana kashe akwati.

6. Ku canja lambar sirrin da akwatin ya zo da ita, ku ware ma baƙi wifi dabam, ku sabunta manhajarsa a kai a kai.

A ƙarshe, ku sanya wannan magana cikin taron ƙungiyarku na gaba, ku naɗa mutum ɗaya da zai riƙe lambobin sirri ya kuma duba kowane wata ko VPN yana kunne. Mutanen da sunayensu ke cikin kwamfutarku ba su san akwatin da kuka saya ba, ku suka sani.