Binciken Masuntan Yawuri da Zaɓen Mujallar da Za Ta Buga Shi

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, abincin mutanen Yawuri da Ngaski da Shanga ya rataya a kan tafki, haka ma lafiyarsu. Masunci yana wuni cikin ruwan da katantanwa ke yaɗa tsargiya. Matuƙin kwalekwale yana fama da lodin da ya wuce ƙima, kamar yadda hatsarin Warra na watan Mayun 2021 ya nuna. Mahaƙin zinare kuwa yana shaƙar ƙurar dutse ba takunkumi.

Malamin jami'a da ya yi bincike a kan haɗarin waɗannan sana'o'i yakan tsaya a kan tambaya guda: wace mujalla zai miƙa wa aikinsa? Sau da yawa zuciya takan karkata ga wadda za ta gaggauta masa ƙarin girma. A nan mujallun bogi ke ɗana tarkonsu: su karɓi kuɗi, su buga maƙala cikin 'yan kwanaki ba tare da masana sun tantance ta ba. Aikin shekaru sai ya zama abin da likita ba zai dogara da shi ba.

Mizanin da ya dace uku ne. Shin ƙwararru a fannin suna tace maƙala kafin a buga? Shin mujallar tana cikin rumbunan da ake nema, irin su PubMed da DOAJ? Shin jami'in lafiya a Birnin Kebbi zai iya karanta ta ba tare da ya biya da dala ba? Ba lallai sai a Turai ake cika waɗannan sharuɗɗa ba: Annals of African Medicine, wadda tushenta ke Sakkwato, tana cikin PubMed.

Zamfara ta isa darasi. Gubar dalma daga niƙan dutsen zinare ta kashe yara kimanin 400 a 2010, kuma binciken annobar ya fito a Environmental Health Perspectives a 2012, inda kowa ke karantawa kyauta. Shi ya sa har yau masu nazarin haƙar zinare ke komawa gare shi.

Bayan bugawa ma da sauran aiki. Masuncin da ya ba da fitsarinsa aka gwada yana da haƙƙin jin sakamakon da Hausa, a taron sarakunan ruwa ko ta rediyo. Mujallar da ta cancanta ita ce wadda ta rage tazara tsakanin ɗakin gwaji da bakin tafki.