Inuwar Kwamfuta Ba Ta Maganin Zafin Afrilu

Ran 10 ga watan Satumba na 2024 mutanen Maiduguri suka wayi gari cikin ruwa, bayan da madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya batse. Unguwar Gwange, wadda ke gaɓar kogin, tana cikin wuraren da abin ya fi shafa. Katangu sun zube, ɗakuna sun rufta, kuma duk inda aka yi irin wannan ɓarna sai an sake gini. To, gini a wannan zamani yakan fara ne daga cikin kwamfuta. Mai zanen gini zai zo wa mai gida da hoto mai ban sha'awa: ga bene, ga baranda, ga itatuwa kore shar, ga inuwa ta kwanta a tsakar gida kamar tabarma. A kan wannan inuwa muke so mu ja hankalin mai karatu a wannan mako.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, a cikin duniyar da kwamfuta ke zanawa babu rana ta gaskiya, saboda haka babu inuwar da ke zuwa da kanta. Lissafa ta ake yi. A 1968 wani masani a kamfanin IBM, Arthur Appel, ya nuna wata hanya: daga kowane ɗigo na hoton a ja miƙaƙƙen layi zuwa ga fitila, in wani abu ya tare layin, ɗigon nan yana cikin inuwa ke nan. A 1978 kuma Lance Williams ya fito da wata dabara mai sauri, watau a sa kwamfuta ta leƙo daga inda rana take. Abin da ta hango daga can ya sami haske, abin da ya ɓoye mata ya shiga inuwa. Da wannan dabara kamfanin Pixar ya yi inuwoyin ɗan gajeren fim ɗinsa Luxo Jr. a 1986, kuma har gobe ita ce ke aiki a yawancin wasannin kwamfuta da yaranmu ke yi.

Tun da yake lissafi ne, ashe yana da linzami, linzamin kuwa yana hannun mai zane. A manhajojin zane irin su SketchUp, kowane abu yana da zaɓi biyu: ya jefa inuwa ko kada ya jefa, inuwar wani abu ta sauka a kansa ko kada ta sauka. Har wa yau mai zane ne ke zaɓar wata da sa'ar da hoton zai nuna, shi ne kuma ke faɗa wa kwamfuta a wane gari ginin yake. Masu shirya wasanni sukan kashe inuwar ƙananan abubuwa don kada aiki ya yi wa na'ura nauyi, wannan kuwa ba laifi. Amma hoton gidan da mutum zai zuba dukiyarsa ya zauna ciki da iyalinsa ba wasa ba ne.

Bari mu kawo misali. A garin Boulder na jihar Kolorado ta Amurka aka ƙirƙiro SketchUp, kuma an daɗe, in mai zane bai sa sunan gari ba, a Boulder manhajar ke ɗauka ginin yake. Boulder tana digiri 40 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Maiduguri kuwa ba ta cika digiri 12 ba. Wajen 21 ga Afrilu, da tsakar rana, katanga mai tsawon mita 3 takan jefa inuwar da ta ɗara mita ɗaya da rabi a Boulder. A wannan rana da wannan sa'a, a Gwange, rana tana tsaye cak bisa kai, katangar nan ba ta da inuwar da ko kaza za ta fake. Haka kuma yake sake faruwa wajen 22 ga Agusta. Tsakanin waɗannan ranaku biyu rana takan karkata arewa, inuwa ta koma kudu, abin da ba ya faruwa ko kusa a Boulder ko a London. A ƙarshen Disamba ne katangar nan ke ba da inuwar wajen mita 2 ta arewa, lokacin da hunturu ya sa kowa ke neman hantsi.

Mai karatu ya ga inda gizo ke saƙa. Watan Afrilu shi ne tsakiyar bazara a Borno, lokacin da zafi kan wuce digiri 40 a ma'auni. Sa'ad da aka fi bukatar inuwa, a sa'an nan ne katanga ke kasa ba da ita. Abin da ke sama da kai kaɗai ke ceto, watau rumfa, ko baranda mai faɗin baki, ko itace. Da la'asar kuma bangon yamma ne ke shan rana, ya riƙe zafin har cikin dare, musamman in na bulo ne da rufin kwano. Hoton da aka ɗauka da ranar wata ƙasa, ko da ƙarfe biyar na yammacin Disamba, ba zai nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Hausawa na cewa inuwar giginya na nesa ka sha ta. Ta kwamfuta ta fi ta giginya rowa, gama ko na nesa ba ya sha.

Iyayenmu ba su da kwamfuta, amma sun san inuwa ciki da bai. Kafin agogo ya zo, da ita liman ke gane shigar Azahar da La'asar. Magini ya san dalilin zaure mai kaurin bango da ƙananan tagogi, mai gida kuma ya san inda zai kafa rumfa. Darbejiyar da ta yi wa titunan Maiduguri laima, wadda wasu ke kira dogon yaro, asalinta daga yankin Indiya ne, kuma wajen 1928 aka fara shuka ta a Borno. Shekara da shekaru aka yi ana ba ta ruwa, ana kare ta daga awaki, kafin wani ya zauna ƙarƙashinta. A kwamfuta kuwa da danna maɓalli ɗaya ake dasa itace cikakke, mai rassa da ganye, wanda bai taɓa shan ko kwano ɗaya na ruwa ba.

Kada a fahimce mu da cewa muna ƙyamar wannan fasaha. In an faɗa mata gaskiya, kwamfuta tana iya nuna wa mutumin Gwange, tun kafin a sayi buhun siminti ɗaya, inda inuwa za ta kwanta a gidansa kowace sa'a ta kowace rana a shekara. Ko ƙwararren magini na da sai ya jira shekara ta zagayo kafin ya ga wannan da idonsa. Laifin yana wurin mai zanen da ya yi sakaci, ko ɗan kwangilar da ya fi son hoto mai jan ido bisa hoto mai gaskiya.

Saboda haka muna ba da shawara. Duk wanda aka kawo wa hoton gida, ko makaranta, ko rumfunan kasuwa, ya yi tambaya uku. Wane gari aka faɗa wa kwamfuta? Wace rana da wace sa'a hoton ke nunawa? Itatuwan nan, akwai su a filin ne, ko kuwa tukuna? Sa'an nan ya nemi a nuna masa ginin ran 21 ga Afrilu, da ƙarfe 12 na rana da ƙarfe 3 na yamma, an kunna inuwar kowane abu, an kuma cire duk itacen da ba a shuka ba. Wannan aikin 'yan mintoci ne ga wanda ya iya. Hukumomin da ke duba taswirar gini su ma ya kamata su riƙa neman waɗannan hotuna biyu kafin su sa hannu, musamman ga makarantu da asibitoci, inda yara da majinyata ke yini a waje.

Tun ran gini, ran zane. Wanda ya ga tsakar gidansa fayau babu inuwa a kan takarda, yana da damar ƙara faɗin baranda, ya juya tagogi daga yamma, ya bar gurbin itace biyu kafin a malale ƙasa da siminti. Wanda bai gani ba sai bayan ya tare, shi da iyalinsa za su riƙa biyan kuɗin wannan sakaci kowace bazara.