SHARHI: Tsofaffin Gine-ginen Karkarar Arewacin Kano Da Barazanar Damuna

Duk lokacin da aka yi zancen kayan tarihi a Jihar Kano, hankalin jama'a kan tafi ga birni ne: ganuwar da Sarki Gijimasu (1095–1134) ya fara, Gidan Rumfa, Gidan Makama, da Dutsen Dala. Idan ba a manta ba, a shekarar 2007 aka sanya ganuwar Kano cikin jerin wucin-gadi na wuraren tarihi na UNESCO. To amma mu da muke bin hanyar Dawakin Tofa da Bichi, ko ta Minjibir da Dambatta, mun san cewa akwai wani tarihin da ke tsaye a tsakiyar gonaki ba tare da an rubuta shi ba.

Wannan yanki yana daga cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a karkarar Afirka ta Yamma, kamar yadda binciken Michael Mortimore ya nuna tun a shekarun 1960. Ba a barin gona ta huta, taki ne ke riƙe da ita. Saboda haka kowane taku na ƙasa yana da mai nema. Nan ne matsalar ta fara. Sauran ganuwar gari takan koma gona, ko a haƙe ta a buga bulo. Kududdufin da kakanni suka ɗebi ƙasar gini a cikinsa, wanda kuma shi ke shanye ruwan unguwa, sai a cike shi a yanka filaye. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi irin na damunar 2022 da ta 2024, ruwan ba ya da wajen zuwa sai gindin katanga.

Hasali ma ginin ƙasa ba ya jin tsoron shekaru, sakaci yake tsoro. Zauren dagaci ko tsohon masallaci da aka tayar da tubali, aka yi masa ɗaurin guga da azarar giginya, zai iya wuce jikokin wanda ya gina shi muddin ana sabunta yaɓe da makuba, ana kuma share indararo kafin ruwan farko. A da aikin gayya ne. Yanzu matasa sun tafi cin rani, tsofaffin magina suna ƙarewa, azara ta yi tsada domin giginya ta ragu. Wasu da kyakkyawar niyya sukan lulluɓe bangon da siminti, alhali siminti ba ya kama ƙasa: danshi ya taru a ciki, wata rana ɓawon ya zubo da rabin bango.

Ba mu ce kowa ya zauna a soron da ke yoyo ba. Mai iyali da ya sa kwano bai yi laifi ba. Maganarmu a kan gine-ginen jama'a ce, waɗanda gari ke da ɗaya ko biyu kacal.

A ganinmu matakin farko bai buƙatar kwangila. Hakimai su sa dagatai da masu unguwanni su rubuta abin da ya rage a ƙasarsu, zaure ne ko masallaci, karofi ko guntun ganuwa, tare da sunan maginin da ya san gyaransa, a miƙa wa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jiha ta hannun ƙaramar hukuma. Sassan ayyuka kuma su daina amincewa da yanka fili a kan kududdufi. Yaɓe aikin rani ne. Wanda bai kammala ba kafin watan Mayu, sai dai ya jira kaka.