Kafin a yi wa tsohuwar kwamfutar gida fomatin, ki karanta wannan

Yau za mu leƙa sito ne, ko bayan ƙofa, ko saman wadurob, inda tsohuwar kwamfutar gidan take zaune ƙura ta lulluɓe ta. A gefenta ba a rasa wata jaka cike da fayafayan CD: na ɗaurin aure, na kamu, na sunan yaron da yanzu ya shiga jami'a. A gidaje da yawa, hoton ƙarshe na wani kaka ko wata goggo da Allah Ya yi wa rasuwa yana cikin wannan akwati, kuma babu kwafinsa a ko'ina.

Ranar da aka tashi kunna ta, matsala biyu aka fi cin karo da su: ta ƙi karanta faifai, kuma ta ƙi hawa intanet. Daga nan sai a ɗauke ta a kai wa mai gyara, shi kuma sau da yawa abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya yi mata fomatin, wato ya share komai ya ɗora sabuwar manhaja. Kwamfuta ta dawo tana gudu, hotuna sun tafi. Garin neman gira an rasa ido. Don haka ki riƙe ƙa'ida ɗaya: a fara kwashe abin da ke ciki, gyara ya biyo baya.

Kafin ki jona ta da wuta

Ki duba bayan akwatin, kusa da inda kebul ɗin wuta yake shiga. Wasu tsofaffin kwamfutocin tebur suna da ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Wutar Najeriya da Nijar tana wajen 220 zuwa 230 ne, ta Amurka kuwa 120. Idan makunnin yana kan 115 kika jona, ƙara za ki ji da ƙauri. Ki tabbatar 230 ce take nunawa. Ki haɗa ta da sitabilaiza idan kina da ita, kuma ki zaɓi lokacin da wuta ta tsaya, don ɗaukewar wuta ana cikin kwashe fayil tana iya ɓata shi.

Da ta tashi, ki kasa kunne. Ƙarar fanka ba komai ba ce. Amma idan kin ji "ƙas, ƙas, ƙas" a kai a kai daga ciki, rumbun ajiyar ne yake jin jiki, wato wanda masu gyara ke kira had disk. Ki kashe ta nan take, kada ki yi ta gwadawa, don kowane kunnawa yana iya ƙara lalata shi. Wannan aikin ƙwararre ne.

Sai ki dubi agogon da ke ƙasan allo. Idan kin ga ya koma wata shekara can baya, ɗan batirin cikinta ne ya mutu. Sunansa CR2032, faffaɗa ne kamar kwabo, irin na sikelin awo na gida da wasu makullan mota. Ki riƙe maganar agogon nan, za mu dawo kanta.

Idan tiren faifai ya ƙi fitowa

Kin danna maɓalli, kin ji yana gurnani amma tiren bai fito ba. Yawanci wani ɗan bel ne na roba a ciki da ya saki saboda tsufa da zafi. Kada ki sa wuƙa ko cokali ki ɓanɓare shi. Ki duba fuskar na'urar da kyau, akwai wani ɗan rami kamar na allura. Ki kashe kwamfutar, ki miƙar da kilif ɗin haɗa takardu, ki tura shi ciki kai tsaye a hankali. Tiren zai ɗan leƙo, sai ki ja shi da hannu. Ban da tsinken sakace, don yana karyewa a ciki.

Idan tiren yana aiki amma ba ya karantawa

Da farko ki gano ko faifan ne da laifi ko na'urar. Ki gwada fayafai uku daban. Idan biyu sun buɗe ɗaya ya ƙi, laifin faifan ne. Ki goge shi da tsumma mai laushi, daga tsakiya zuwa baki a miƙe. Kada ki goge shi zagaye, don bayanan a zagaye suke kwance, kuma ƙarzar da ta bi layinsu ta fi yin ɓarna. Idan akwai maiƙo, ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke sun isa, sai ki bari ya bushe sarai. Wani abin da mutane ba su cika sani ba: a faifan CD, ɓangaren sama da ake rubutu a kai ya fi saurin lalacewa, domin bayanan suna nan dab da ƙarƙashinsa. Idan kin ɗaga faifan a haske kin ga ƙananan huji, wannan wurin ya riga ya tafi.

Na biyu, ki karanta tambarin da ke fuskar na'urar. Idan CD kawai aka rubuta, ba za ta taɓa karanta DVD ba, ko sabuwa ce fil. Kowannensu da irin hasken da ake karanta shi da shi. CD yana ɗaukar kimanin megabait 700, DVD kuwa gigabait 4.7. Na'urar da take karanta duka biyun tana da haske iri biyu a ciki, shi ya sa za ki ga wata tana buɗe CD lafiya amma ta daina ganin DVD: ɗaya hasken ne ya mutu.

Na uku, ƙura. Hunturu goma a sito ba wasa ba ne. Akwai wani ɗan gilashi a ciki da ake kira ido. A laftof, da kin jawo tiren za ki gan shi. Ki kashe ta, ki ɗan jiƙa audugar goge kunne da sifirit, ki shafa sau ɗaya ko biyu ba tare da dannawa ba, ki jira ya bushe. A kwamfutar tebur idon yana can ciki, sai an kwance na'urar.

Na huɗu, ki duba ko kwamfutar ma tana ganin na'urar. Ki buɗe "My Computer". Idan babu alamar faifai, ki danna shi da maɓallin dama na maus, ki zaɓi "Manage", sannan "Device Manager". Alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a kan sunan na'urar tana nufin matsalar manhaja ce. Idan sunan ba ya nan gaba ɗaya, wataƙila kebul ne ya saki. A cire wuta daga soket, a buɗe murfin gefe, a danna kebul biyun da ke bayan na'urar su zauna daram. A tsofaffi za ki ga wani faffaɗa mai ruwan toka kamar ɗamara, mai ramuka 40. Amma kada kowa ya buɗe akwatin wutar da ke ciki, ko tsohon allon nan mai ƙusumbi, don suna riƙe wuta ko bayan an cire su daga soket.

Idan duk wannan bai yi ba, kada ki ɓata kuɗi a kanta. Akwai na'urar DVD ta waje da ake jonawa ta ƙofar USB a kowace kwamfuta. Ana samunta a kasuwannin kayan kwamfuta irin su titin Beirut a Kano, Banex a Abuja, ko Computer Village da ke Ikeja.

Faifan biki ya buɗe, me za ki kwafa? Idan VCD ne, bidiyon yana cikin foldar da aka rubuta MPEGAV, sunan fayil ɗin yana ƙarewa da DAT. Idan DVD ne, ki kwafi foldar VIDEO_TS gaba ɗayanta. Manhajar VLC, wadda kyauta ce, tana buɗe su a kwamfuta da waya.

Idan ta ƙi hawa intanet

A nan ma daki-daki za ki bi. Idan da kebul kika haɗa ta da rauta, ki dubi inda kebul ɗin ya shiga. Ya kamata wata 'yar fitila ta kama, koriya ko ruwan lemo. Babu fitila, ki canza kebul ko ki canza ƙofa a jikin rautar. Idan fitila ta kama, ki danna maɓallin Windows tare da R, ki rubuta cmd, a baƙin allon da ya fito ki rubuta ipconfig. Lambar da ta fara da 192.168 tana nufin rauta ta ba ta adireshi, sun gaisa ke nan. Wadda ta fara da 169.254 kuwa tana nufin ta nema ba a ba ta ba, sai ta laƙa wa kanta. Ki kashe rautar da kwamfutar, ki fara kunna rautar, ki sake gwadawa.

Idan daga wayarki kike raba mata data, tsohuwar kwamfuta ba ta ganin zangon 5 GHz. Ki shiga saitin raba data a wayar, ki mayar da shi 2.4 GHz, tsaron kuma ki zaɓi WPA2 maimakon WPA3. Windows XP tana gane WPA2 idan tana da sabuntawar Service Pack 3 ta 2008.

To ga ta ta haɗu, amma kowane shafi sai ya ce akwai matsalar tsaro. Ga inda agogon nan ya shigo. Kowane shafi mai tsaro yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Kwamfutar da take zaton ana 2003 za ta ɗauka takardar bana ba ta fara aiki ba tukuna. Ki gyara kwanan wata, a canza batirin. Idan har yanzu shiru, burauzar ce ta tsufa. Internet Explorer 8 ce ta ƙarshe da XP take ɗauka, Chrome kuma ya tsaya mata a lamba 49 tun 2016. Shafukan yau suna amfani da makullan da waɗannan ba su sani ba.

Amma shin ya kamata ta hau ɗin?

Shawarata ita ce a'a, sai da larura. Windows XP ta fito a 2001, kamfanin Microsoft ya daina toshe mata ɓaraka ranar 8 ga Afrilu, 2014. Windows 7 ma an daina ranar 14 ga Janairu, 2020. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe da dama tana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila sai da ta taɓa. Ta wata tsohuwar hanyar musayar fayil da ake kira SMB1 ta riƙa shiga. Sababbin Windows suna zuwa da wannan hanya a rufe, shi ya sa sabuwar laftof ba ta ganin foldar da aka raba daga XP ko da suna kan rauta ɗaya. Idan ɗanki mai son taɓe-taɓe ya ce zai buɗe ta, ki ce masa ya bari. Kuma kada a shiga asusun banki ko imel da wannan kwamfuta.

Hanyar da ta fi sauƙi

Ki sayi filash mai gigabait 32 ko ƙasa da haka. Manya sukan zo da tsarin exFAT, wanda XP ba ta ganewa sai an yi mata ƙari. Idan kin samu mai baki biyu, ɗaya na kwamfuta ɗaya na waya, ya fi. Ki kwafi "My Documents", "My Pictures" da duk abin da ke kan fuskar allo, kuma ki duba asusun kowane mai amfani da kwamfutar, don na maigida daban ne da na yara. Kwafa za ki yi, kada ki yanke. Tsofaffin kwamfutoci ba a raba su da bairos ɗin nan mai ɓoye folda, don haka a bincike filash ɗin da manhajar kariya kafin a buɗe shi a wata kwamfutar.

Idan kuwa ta ƙi tashi sam, hotunan ba su mutu ba. Mai gyara zai iya ciro rumbun ya jona shi da wata kwamfuta ta USB. Ki faɗa masa a fili: "Kada a yi fomatin, kwashe min kawai nake so." Ya fi kyau a yi a gabanki ko gaban wanda kika amince da shi, domin akwai hotunan mata na cikin gida da takardun iyali da bai kamata su zauna a kwamfutar shago ba.

Bayan an kwashe, ki ajiye a wuri uku: filash, waya ko laftof, da kuma intanet. Asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta. Idan za ki tura wa 'yan uwa ta WhatsApp, ki tura a matsayin fayil, don idan a matsayin hoto ne yakan rage masa kyau.

Ita kuma kwamfutar, idan ta warke, tana da sauran amfani ba tare da intanet ba. Yara za su koyi buga rubutu da zane a kanta, ba ruwanki da fargabar abin da za su gani. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ki ware wata Asabar kafin damina ko hunturu na gaba su ƙara cin fayafayan nan. Idan kin gwada kin maƙale a wani mataki, ki rubuta mana a ƙasa irin Windows ɗin da ke kanta da ainihin abin da allon ya nuna, za mu duba tare.