Kifin Kabiya a Dutsin-Ma? A Fara Tambayar Ruwan Zobe

Duk mai yawo a TikTok ko Facebook da wuya bai ci karo da irin bidiyon nan ba: ƙaton kifi mai dogon baki, a buɗe cikinsa a kwaso ƙwai baƙaƙe a zuba a 'yan gwangwanaye, sannan a rubuto farashin kilo ɗaya da dala. Sunan kifin sitajin, ƙwan nasa kuma shi ake kira kabiya, abincin manyan attajiran duniya. Mai neman sana'a yana gani zuciyarsa za ta raya masa: to mu me zai hana?

Ga matashin Dutsin-Ma ko Kurfi, tambayar tana da tushe. Ga dam ɗin Zobe a kan kogin Karaduwa, wanda aka kammala tun 1983. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, har da sashen koyar da kiwon kifi. Ruwa akwai, ilimi akwai. Amma kafin wani ya sayar da babur ɗinsa, bari mu yi lissafi.

Na farko, zafi. Sitajin ɗan ƙasashen sanyi ne, asalinsa Tekun Kasfiya da kogunan Rasha da makamantansu. Ya fi samun yadda yake so a ruwan da ke kusa da digiri 20, idan ya doshi 30 sai ya daina ci, ya fara galabaita. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin garinmu kan haura digiri 40. Ke nan sai ka sanyaya ruwan dare da rana, kana hura masa iska babu tsayawa. Wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, cikin sa'o'i kaɗan jarinka ya kife. Kowa ya san halin wutarmu, ba sai an faɗa ba.

Na biyu, lokaci. Nau'in Sibiriya, wanda aka fi kiwo, macensa na ɗaukar wajen shekara 7 kafin ta yi ƙwan da za a sayar. Beluga, mafi tsada, takan wuce shekara 15. Ko bambance mace da namiji ma sai kifin ya yi 'yan shekaru, a sa masa na'urar hoton ciki irin ta asibiti. Duk tsawon lokacin nan ciyarwa kake yi, ko sisi ba ya shigowa.

Na uku, doka. Tun 1998 duk nau'o'in sitajin ke ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Shigo da ƙwai ko fitar da kabiya sai da takardun izini. Don haka duk wanda ya tallata maka 'ya'yan sitajin a WhatsApp, ko ya ce ka zuba kuɗi a gonar kabiya ka ci riba bayan wata uku, riƙe aljihunka. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wani zai ce ai an yi a Afirka. Gaskiya ne. A Madagaska, kamfanin da ke yin Rova Caviar ya fitar da kabiyarsa ta farko a 2017. Sai dai a tafkin Mantasoa yake kiwon, kan tsaunuka masu tsayin kusan mita 1,400, inda sanyin kyauta ne. A Abu Dhabi ma an gina gonar sitajin a cikin hamada, amma a rufaffen gini mai na'urorin sanyaya ruwa da jarin miliyoyin daloli. Ɗaya yana da tsauni, ɗaya yana da kuɗi. Mu fa?

Mu zafi gare mu, kuma akwai kifin da zafin nan yake so. Tarwaɗa da karfasa sun fi girma a ruwa mai digiri 26 zuwa 30. Abin da Bature ke biyan kuɗin wuta ya ɗumama, mu rana ke ba mu. Tarwaɗa na iya kai kilo ɗaya cikin wata 5 zuwa 6 idan iri da abinci sun yi kyau, kuma tana shaƙar iska kai-tsaye, shi ya sa take jure abin da zai kashe sitajin. Kasuwa kuwa ba sai an je Turai ba. Alƙaluman da gwamnati ke yawan ambata sun nuna Najeriya na buƙatar kifi wajen tan miliyan 3.6 a shekara, abin da ake samarwa a gida kuwa ya yi ƙasa da haka sosai. Masu gasa kifi da yamma a bakin titi da masu banda su ne kwastomominka.

Abin da ya dace mu ɗauko daga bidiyoyin nan shi ne dabarar ruwan: kiwon kifi haɗe da noman ganye, wato akwafonik. Kashin kifi na fitar da sinadarin amoniya mai guba. Sai a bi da ruwan ta cikin tsakuwa, inda wasu ƙwayoyin halitta ke mayar da gubar taki. Saiwar alayyafo ko latas ta shanye takin, ruwa ya koma wa kifi a tace. Ruwa ɗaya, amfani biyu. A ƙasar da rijiyoyi ke ja baya da rani, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tanki ɗaya, ƙaramin famfo da farantin sola sun isa gwaji a tsakar gida. Kuma a yadda matsalar 'yan bindiga ta hana mutane da dama a yankin Kurfi, Safana da Dutsin-Ma sakewa a gonakin nesa, sana'ar da za a yi a bayan ɗaki tana da daraja ta daban.

Sai dai kar a ɗauka ɓagas ce. Abincin kifi kan cinye kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo, kuma duk lokacin da masara da waken suya suka tashi, shi ma ya tashi. Da hunturu tarwaɗa kan rage ci, ƙananan kuma su yi ta mutuwa. Idan famfo ya tsaya, ganye da kifi duka za su ji a jikinsu.

Don haka ɗan uwa, 'yar uwa, a fara da kaɗan: 'ya'yan tarwaɗa 100 ko 200 daga wurin mai ƙyanƙyasa da aka sani. A rubuta kowace naira da ta fita. A nemo mai saye tun kafin kifi ya girma. A shiga jami'ar nan a tambayi masana, ai don mu aka gina ta. Su kuma shugabannin ƙananan hukumomin biyu, a riƙa tambayarsu a fili: ina horo, ina rancen jari, ina shirin sama wa matasa abincin kifi mai sauƙi? Wanda ya juya tanki ɗaya sau biyu a shekara ya ga riba, shi ke da bakin maganar tanki goma.