Kiwon lafiya: Hoton radiyo da aikin ƙashin baya

Manomi kan faɗo daga bisa icce, makiyayi kan faɗo daga raƙumi, amalanke kan kife da mai ita. Wani lokaci ƙashin baya ya karye. Sai a kai mutum babban asibiti, likita ya yi mashi aiki, ya ɗaure ƙashin da kusoshin ƙarfe.

Aikin yana da wuya, don babbar jijiya tana bi ta cikin ƙashin baya. In kusa ta kauce ta taɓa ta, ƙafafu suna iya mutuwa. Shi ya sa likita yake aiki yana duba hoton radiyo. Ba radiyon jin labaru ba ne. Wani haske ne da ido ba ya gani, yana ratsa nama ya nuna ƙashi. Wani Bajamushe mai suna Rontgen ya gano shi a 1895.

Hasken yana da amfani, amma in ya yi yawa yana ƙona fata, yana kawo yanar ido, yana iya jawo ciwon daji bayan shekaru. Majinyaci sau ɗaya ake yi mashi aiki. Likita da mataimakansa kuwa kullum suna gefen na'urar. Don haka akwai dokoki ukku:

1. Rage lokaci. Ba a barin na'ura a kunne. A ɗauki hoto, a kashe.

2. Ja da baya. Wanda ya matsa daga mita 1 zuwa mita 2, kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai ke samun shi.

3. Kariya. Ma'aikata suna sa riga mai darma, har da ta wuya, don darma tana tare hasken.

Ana kuma matse hasken, ya tsaya wurin ciwo kaɗai. A wasu asibitoci ana ɗaukar hoto tun farko, ma'aikata suna waje, sannan kwamfuta ta riƙa nuna hanyar kusa.

Majinyaci ma yana da nashi aiki. Mace mai ciki ta faɗi kafin a ɗauke ta hoto. Wanda ke da tsohon hoto ya adana shi, ya zo da shi, kada a sake wani a banza. Kada a matsa ma likita da neman radiyo don ɗan ciwon baya. Dangi su jira a waje.

Amma in likita ya ce a yi, kada tsoro ya hana. Hasken ba ya zama cikin jiki bayan an kashe na'ura. Karayar baya da aka bari gida ta fi hoto haɗari nesa ba kusa ba.