Vayreda na Olot da Haƙƙin Ƙasa a Kan Mai Zane

Mafi yawan masu karatu, in aka ambaci Kataloniya, birnin Barselona da 'yan ƙwallonsa ne za su fara faɗo musu a rai. Amma wanda ya bar wannan birni ya nausa arewa, ya doshi duwatsun Firenis waɗanda suka raba Sifen da Faransa, zai riski wani gari madaidaici mai suna Olot, a yankin Garrotxa, wanda Allah cikin ikonsa ya kewaye shi da tsofaffin duwatsu masu aman wuta kimanin 40, dukkansu sun huce tun shekaru dubbai da suka shuɗe, har itatuwa sun lulluɓe su tun daga gindi zuwa ƙoli. Wuri ne mai yawan ruwan sama, har mutanen ƙasar sukan ce in ba a yin ruwa a Olot, to, ba a yin sa a ko'ina. A nan ne wani mai zane, Joaquim Vayreda, ya ƙarar da mafi yawan kwanakinsa yana zana gonaki da fadamu da gaɓar kogin garinsu, kuma ra'ayin da nake son in kafa wa hujja shi ne cewa wannan zama da ya yi a gida, alhali yana da hali da damar da zai tare a manyan birane, shi ne mafi girman hidimar da ya yi wa al'ummarsa, duk da cewa aikin nasa bai kuɓuta daga aibi ba.

An haife shi a birnin Girona a shekarar 1843, domin kuwa fitinar yaƙin basasa, wanda aka yi tsakanin 1833 da 1840 a kan gadon sarautar Sifen, ta kori iyayensa daga gidansu na gado da ke Olot, sai bayan ƙura ta lafa suka komo. Garin Olot yana da makarantar koyon zane tun 1783, a can ya fara riƙe alƙalami, sa'an nan a 1860 ya tafi Barselona ya zauna a gaban Ramon Martí i Alsina, malamin da ya shahara da hana almajiransa kwaikwayon tsofaffin zane a cikin ɗaki, yana tura su waje su dubi abin da Allah ya halitta da idanunsu. A 1871 ya ziyarci birnin Faris, inda ya ga aikin su Corot da Millet da sauran masu zanen da ake dangantawa da ƙauyen Barbizon, mutanen da suka yarda cewa kurmi da makiyaya da manomi a bakin aikinsa sun cancanci a zana su kamar yadda ake zana sarakuna da yaƙe-yaƙe. Ya ɗauki abin da zai ɗauka, ya juyo gida. Ga al'adar wancan zamani, duk saurayin da ya ji yana da baiwa, burinsa ya kai Faris ko Rum ya yi zamansa. Shi kuwa Vayreda sai ya zama kamar ya san abin da Hausawa suke nufi da kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Wanda ya tsaya gaban zanensa, abin da zai fara kama masa ido shi ne kore iri-iri, daga mai duhu na kurmi zuwa mai haske na sabon tofo, da hazon safiya da ke kwance a kan fadama bai gama tashi ba, da ruwan kogin Fluvià yana tafiya a hankali tsakanin dogayen itatuwa, da gonakin wani hatsi nasu mai suna fajol, wanda in ya yi fure a ƙarshen bazararsu sai filin ya koma fari fat. Yakan fita da ɗan allonsa ya ɗauki yanayin wurin a lokacin da hasken yake yadda yake so, daga baya ya koma ɗakin aikinsa ya kammala babban zanen a tsanake. Mutane da dabbobi in sun shigo, ƙanana ne, makiyayi da garkensa, ko masu girbi sun sunkuya, ko jerin 'yan mata 'yan makaranta suna wucewa ta gefen gona, ƙasar ce dai kullum take da rinjaye. Akwai wani zanensa na 1876 mai suna Recança, wanda ya fi sauran taɓa mini zuciya: iyalin manoma ne sun ɗora komatsansu a kan amalanke suna ƙaura daga gonar da suka zauna, ana waiwayen abin da aka bari. Duk wanda fari ko rashin zaman lafiya ya taɓa tayar da shi daga ƙauyensu ba ya bukatar mai fassara kafin ya fahimci wannan waiwaye.

Da yake mutumin ya zauna wuri guda bai yi ta yawo ba, sai zamansa ya haifar da abin da baiwa ita kaɗai ba ta haifarwa, wato ya tara jama'a. Abokinsa Josep Berga i Boix ya riƙe makarantar zane ta garin shekaru masu yawa yana tarbiyyar yara a kan wannan tafarki. Ƙanensa Marià ya haɗa zane da rubutun littattafai. Wani ɗan'uwan nasu, Estanislau, ya duƙufa ga ilmin tsirrai yana tattara ganyayen yankin yana tantance sunayensu. Masu zane kuwa daga Barselona, har da Santiago Rusiñol a ƙuruciyarsa, suka riƙa zuwa Olot su yi kwanaki suna aiki. Haka aka wayi gari ana maganar mazhabar Olot a fagen zane, kamar yadda ake jingina wata hanyar karatu ga garin da malamanta suka zauna. Ajali ya riski Vayreda a 1894 yana da shekara 51, amma abin da ya dasa bai bi shi kabari ba, har a 1934 hukumar Kataloniya ta kafa babbar makarantar koyar da zanen shimfiɗar ƙasa a wannan gari nasa.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi abin da masu suka suke faɗi, kuma ni a ganina suna da gaskiya a cikinsa. Zamanin Vayreda ba zamanin natsuwa ba ne. Wani yaƙin basasar ya sake ɓarkewa daga 1872 zuwa 1876, mayaƙan da ake kira Karlistawa suka kama Olot a 1874, ƙanensa Marià ya ɗauki bindiga tare da su, shi Joaquim kansa ya yi hijira zuwa garin Sète na Faransa na wani lokaci. Bayan wannan kuma Olot gari ne mai masaƙu, inda talakawa maza da mata suke yini a gaban injin a kan lada kaɗan. Wanda ya nemi hayaƙin masaƙa ko gumin ma'aikaci ko kufan da yaƙi ya bari a cikin shahararrun zanensa, da wuya ya same su. Ɗan masu ƙasa ne, mai riƙo da tsohuwar al'ada, har ya riƙe shugabancin garin na ɗan lokaci, kuma ƙauyen da ya nuna wa duniya shi ne ƙauyen da zuciyarsa take so ya dawwama. Shekara 4 kacal bayan rasuwarsa wani matashi, Joaquim Mir, ya zana mabarata da 'ya'yansu zaune a gaban ginin babbar majami'ar Sagrada Família da ake tsakiyar ɗagawa a Barselona, ya nuna ɓangaren Kataloniya da Vayreda ya kau da kai daga gare shi. Shaidar Vayreda, ke nan, shaida ce ta gaskiya a kan abin da ya gani ya kuma so, amma ba cikakkiya ba ce, kuma mai hankali ba zai karanta tarihin talakan Olot daga gare ta ba.

Akwai kuma wata mas'ala da na san za ta tsaya wa mai karatu Musulmi a rai, ba kuwa zan tsallake ta ba. A 1880 Vayreda da Berga suka kafa wata ma'aikata ta ƙera mutum-mutumin waliyyan Kirista domin majami'u, wadda aka sani da El Arte Cristiano, har sana'ar ta yaɗu ta zama abin da aka san Olot da shi a ƙasashe masu nisa. Wannan sashe na aikinsa addininsa ne da na mutanensa, babu abin da za mu ɗauka a ciki. Amma zanen shimfiɗar ƙasa hukuncinsa daban, domin ya tabbata a cikin ingantattun littattafan hadisi cewa wani mutum da yake cin abinci da sana'ar yin surori ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, yana neman fatawa, sai ya tsoratar da shi game da surar abu mai rai, sa'an nan ya nusar da shi ga itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Saɓanin fuƙaha'u yana kan surar mutum da dabba, wannan kuwa fage ne na malamai, a bar musu. Dutse da kogi da gajimare da gona, ƙofarsu a buɗe take, bal ma duban su da tafakkuri yana daga cikin abin da aka kwaɗaitar da mu. Abin mamaki ne a ce ƙofar da shari'a ta buɗe mana tun ƙarni na farko na Hijira ita ce muka fi sakaci da ita.

Babbar hujjata kuwa tana cikin abin da ya faru shekaru da yawa bayan mutumin ya kwanta dama. A ƙarni na 20 masu haƙar ƙasa suka far wa ɗaya daga cikin duwatsun nan masu aman wuta na yankin Olot, mai suna Croscat, suna kwasar tsakuwarsa domin gine-gine, har suka tsaga masa gefe guda tun daga sama har ƙasa. Mutanen yankin da masana suka tashi tsaye suka ƙi, a 1982 majalisar Kataloniya ta yi dokar kare yankin, haƙar kuma ta tsaya ɗungum a 1991. Ba na da'awar cewa zane ne kaɗai ya ceci Croscat, domin masana ilmin duwatsu da na tsirrai sun yi nasu jihadin. Abin da nake cewa shi ne jama'ar da ta shekara ɗari tana ganin kurminta da fadamarta rataye a bangon gidaje da gidajen tarihi, ana zuwa daga nesa domin a kalle su, ta riga ta san cewa tana da abin da za a yi mata hasararsa, kuma irin wannan jama'a ba a raba ta da dutsenta cikin ruwan sanyi. Mai ɗaukar hoto da waya yakan tsaya daƙiƙa guda ya wuce. Mai zane kuwa dole ya zauna yini bayan yini a gaban itace guda har ya san yadda inuwarsa take da hantsi da yadda take da la'asar, kuma wani abu na wannan doguwar lura yana ratsawa zuwa ga mai kallo.

Mu ma muna da wuraren da suke canjawa a kan idonmu. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye ya bar ƙauyukan masunta a tudu; fadamun Haɗeja da Nguru sun sauya kama tun da aka datse ruwa a Tiga da Calawa, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin da kwale-kwale yake bi; kukoki da ɗorawa da gawo suna faɗuwa a hannun masu gawayi; gine-gine sun matse Dala da Goron Dutse har gindinsu. Muna da sashen koyar da zane mai tsohon tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, muna da samari masu hannu a kowane gari, waɗanda yawancinsu rubuta allon shago da ƙawata bayan manyan motoci ne kaɗai ke ba su abinci. Abin da nake roƙo shi ne hukumomin al'adu na jihohi da masu hannu da shuni su ɗauki nauyin irin waɗannan samari, kowanne a garinsu, ya zauna damina da kaka da rani yana zana fadamar garin da dutsensa da kasuwar bakin kogi, a saya daga gare shi da daraja, a rataye a makarantu da ɗakunan karatu inda yara za su gani. Kuma a gaya masa tun farko kada ya bi Vayreda wajen kau da kai, ya sa buhunan gawayi da kututturen da aka sare da rijiyar da ta ƙafe a cikin zanen tare da sauran.